Abin da Likita Ya Faɗa da Abin da Na Faɗa wa Yaya

Da za a ce in zaɓi abu guda a rayuwata a mayar da shi baya in gyara, ba zan yi dogon tunani ba. Zan koma wani ɗakin likita a Abijan, lokacin da yayana Isifu ya juyo ya dube ni ya ce, "Me ya ce?" ni kuma na buɗe baki na faɗi abin da likitan bai faɗa ba. Ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya, kun tashi kuna jin ana cewa Baba Mumuni ne ya kai Alhaji asibiti, ya yi jinyarsa, ya dawo da shi gida. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba. Sauran shi ne zan rubuta muku a nan, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Yawancinku kun san Yaya ne a zaune a kan kujera, sanda a gefensa, ba ya magana. Ba ku san mutumin da ni na sani ba. Dillalin shanu ne a Dapaong, ni kuma mahauci a Sokode, gidana a unguwar Kpangalam. Shi yake zaɓo mini shanu a kasuwar Gando ya turo, ni in yanka. Shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni a lakwal, wato makarantar boko, na 'yan shekaru har na iya Faransanci, alhali shi bai taɓa shiga aji ba. Amma in ka cire Faransancin nan, ban san yaren da ake yi a kasuwa wanda Yaya ba ya ji ba. Zai yi ciniki da Bafulatani da Fulatanci, ya juya ya zolayi tsohon manomi da yaren Moba, ya tari direba da yaren Tem, ya dawo ya zage ni da Hausa, duk a tsaye wuri ɗaya. Bakinsa shi ne jarinsa, kuma ba don kansa kaɗai yake amfani da shi ba. A shekarun da ƙasa ta rikice, ana neman a buɗe jam'iyyu, kowa yana kallon maƙwabcinsa da ido ɗaya, wasu samari suka kewaye gidan wani malamin makaranta ɗan kudu a unguwarsu. Yaya ya fito ya tsaya a bakin ƙofar, ba sanda ba wuƙa. Ya dinga kiran yaran ɗaya bayan ɗaya da sunan iyayensu, yana tambayar wannan ciwon ƙafar babansa, yana tambayar wancan ko saniyarsu ta haihu, har kunya ta kama su suka watse.

Mutumin da ya iya kashe wutar wasu, sai ga shi ya kunna ta a gidansa. Babban ɗansa Salifu yana zaune a wurina a Sokode yana karatu. Da zanga-zanga ta fara, ya shiga cikin 'yan makaranta masu fita titi. Wata rana taron ya ɓaci, aka farfasa gidan wani dattijo wanda shi ne mai masaukin Yaya duk lokacin da ya zo gari. Salifu bai jefa ko tsakuwa ba, amma an gan shi a gaba-gaba. Labari ya kai Dapaong, Yaya ya hawo mota ya zo. A ƙofar gidana, bayan la'asar, gaban limamin unguwa da mahauta abokan sana'ata, ya nuna yaron da yatsa.

"Daga yau ba ni ba kai. Kada ka ƙara taka gidana, kada ka ƙara kira na uba."

Kun san nauyin irin wannan magana a wurinmu. Salifu ya kwashe kayansa ya tafi Blitta yana dako a tasha. Duk abin da ya taɓa ya lalace, sai mutane su ce ai bakin uba ne.

Ba a daɗe ba ciwon Yaya ya fito fili. Da ma ya jima yana haki in ya yi 'yar tafiya, yana ɓoyewa. Sai ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwar shanu, bayan 'yan kwanaki ya sake faɗuwa a masallaci. Likitan Dapaong ya saurari ƙirjinsa ya ce ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya ce ta ƙanƙance ta yi tauri, magani ba zai buɗe ta ba, sai an yi aiki an sa wata, kuma a ƙasarmu ba a yin wannan aikin. 'Yan uwa da abokan kasuwa suka haɗa hannu. Hanyar kudu ba ta biyuwa saboda shingaye, don haka muka bi ta Sinkase zuwa Wagadugu, daga can muka hau jirgin ƙasa zuwa Abijan. Ni aka zaɓa in raka shi saboda Faransancina. Da za mu tashi, matarsa Adiza, wadda tun tana amarya muke wasan ƙanin miji da ita, ta miƙo mini ƙunshin guzuri.

"Ɗan lakwal, ga mijina nan na ba ka aro. Ka dawo mini da shi yadda na ba ka. In ya ragu, kai zan riƙe."

Na ce, "Wa zai yarda ya zauna da ke? Ai don ya huta da surutunki zai tafi."

Muka yi dariya, har da Yaya.

A cikin jirgi, muna wuce gonakin abarba, ya yi mini maganar da har yau take kunnena.

"Mumuni, abin da na faɗa wa yaron nan ya fi ciwon nan yi mini nauyi a ƙirji. In na dawo zan tara mutanen da suka ji, in warware a gabansu. Amma ka saurare ni. Ni ba na jin yaren likitocin nan, kai ne kunnena. In suka ce aikin da hatsari, ka gaya mini. Sai a dakata, a aika a nemo Salifu, in yi magana da shi tukuna."

Na ce, "To, Yaya."

Likitan da zai yi aikin mutum ne mai natsuwa, furfura ta fara fito masa, ba ya gaggawar magana. Bayan sun gama gwaje-gwajensu ya kira mu, ya ɗora hoton ƙirjin Yaya a jikin fitila. Ya ce ƙofar kam za su iya canza ta, aikin da suka saba ne. Sannan ya sa bakin alƙalami a kan wani farin layi da ya lanƙwasa a saman zuciyar. Ya ce wannan ita ce babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya ta raba wa jiki, kuma ta Yaya ta yi tauri, maiƙo da wani abu kamar alli sun daskare a cikin bangonta tun shekaru. Kafin su kai ga ƙofar dole su soka bututu a jijiyar nan, su matse ta da ƙarfe kamar awartaki, su yanka ta. In jijiya mai laushi ce, ba ta damuwa. Amma irin wannan, wurin matsawa ɓarɓashi yana iya ɓallewa ya bi jini. In ya tafi ƙoda ya toshe, in ya tafi ƙafa ya toshe, in ya hau ƙwaƙwalwa mutum yana iya farkawa ɓarin jikinsa ya shanye, ko bakinsa ya rufe, ko ma kada ya farka. In kuma ba a yi aikin ba, faɗuwar nan da yake yi, wata rana ba zai tashi ba. Ya ce in gaya wa Yaya duka, shi ne mai jikin, shi zai zaɓa.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane fiye da yadda likitan yake zato. Na sha feɗe tsohuwar saniya in kai wuƙa kan babbar jijiyar da ke manne da zuciya in ji ta yi ƙaras kamar ɓawon ƙwai, in murza da yatsa in ga farin gari ya zubo. Yana magana ina jin garin nan a yatsuna.

Yaya ya juyo. "Me ya ce?"

Mun tashi a kan cewa ba a gaya wa mara lafiya abin da zai karya masa zuciya, kuma ƙani ba ya ambaton mutuwa a gaban wansa. Ban da wannan, na tuna yadda hanyoyi suke a gida, na ce kafin a nemo Salifu a Blitta a kawo shi Abijan, wata nawa ke nan, kuma wa ya san ko Yaya zai kai. Na kuma san halinsa, yana iya cewa a mayar da shi gida kawai. Duk wannan ya zo mini a lokaci ɗaya, na yanke hukunci a madadinsa.

"Ya ce aiki ne da suka saba yi. In Allah ya yarda ba wata matsala."

"Duk doguwar maganar nan, abin da ya faɗa ke nan?"

"Ka san masu boko, Yaya. Sai sun zagaya."

Ya yi murmushi, ya ɗaga wa likitan hannu alamar ya yarda. Likitan ya tambaye ni ko na yi masa bayanin jijiyar. Na ce na yi.

Ranar aikin, tun safe har rana ta karkata ina zaune a kan benci. Da likitan ya fito bai ɓoye mini kome ba. Ya ce sabuwar ƙofar ta zauna daidai, zuciya ta karɓe ta. Amma jijiyar ta fi yadda hoto ya nuna lalacewa, sai da ya dinga lalubawa da yatsa kafin ya sami ɗan wuri mai taushi da zai matse. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sauran sai Yaya ya farka. Da ya farka, ya buɗe ido ya gane ni, ya motsa leɓe, ba abin da ya fito. Hannunsa na dama yana kwance kamar ba nasa ba. Fitsari ma ya ɗauke masa na 'yan kwanaki kafin ƙodar ta dawo aiki. A gadon da ke kusa da namu akwai wani tela, an sa masa ƙofa irin ta Yaya, likita ɗaya, mako ɗaya. Shi jijiyarsa lafiya lau take. Ina kallo ya fara zama, ya fara takawa, ya zo ya yi mana sallama ya tafi gida da ƙafarsa.

Muka dawo Dapaong da zuciya mai aiki da baki a rufe. Hakin ya tafi, faɗuwar ta tafi, a hankali ƙafar ta fara ɗaukarsa da sanda. Yana jin duk abin da ake faɗa, da kowane yare, amma in ya so magana sai dai wani sauti ya fito, ya yi ta ƙoƙari har gumi ya keto masa. In ɗaki ya yi tsit kana jin ƙofar ƙarfen da aka sa masa tana bugawa a ƙirjinsa kamar agogo. Adiza ba ta yi kuka a gabansa ko sau ɗaya ba. Ita ta koyi karanta idonsa da hannunsa na hagu, ita take lura da maganin tsinka jini da aka ce zai sha har ƙarshen ransa, a lokacin da yajin aiki ya rufe asibitoci, samun magani ya zama sai an tsallaka iyaka. Wata rana da hantsi muna zaune a rumfar tsakar gida, tana ba shi koko, ta dube ni. Wannan karon ba wasa a muryarta.

"Mumuni, likitan nan bai san haka za ta iya faruwa ba?"

Da na so, da na sake yin ƙarya. Amma Yaya ya tsayar da idonsa a kaina, irin kallon da ya yi mini a ɗakin likita. Na durƙusa na faɗi kome, da farin layin, da ɓarɓashin, da abin da na mayar da maganar. Da na gama, ya ture kofin, ya juya fuskarsa ga bango. Kwanaki ina shiga gaishe shi, ba ya juyowa.

Ran da ya juyo, bai nuna mini fushi ba kuma bai nuna mini ya huce ba. Ya kama rigata, ya nuna kudu, ya nuna tsayin mutum da hannu. Adiza ta ce Sokode yake so a kai shi, kuma a nemo Salifu. Na ce hanya ba lafiya, kuma mai shan maganin nan in ya ji rauni jini ba ya tsayawa, a bari in kawo yaron nan gida. Ya buga sandarsa a ƙasa. A inda ya yi maganar, a nan yake so ya warware ta.

Ni da Adiza muka sami motar shanu da za ta koma kudu, aka sa shi a gaba. Shingaye ba iyaka, wani na sojoji, wani na samari. A wani wuri wani saurayi ya leƙo, direba ya kashe mota, sai saurayin ya ji ƙarar nan ta ƙirjin Yaya. Ya ja da baya yana tambayar me muka ɓoye. Adiza ta ce, "Agogo ne likita ya manta a ƙirjin mijina. In kana so ka sa hannu ka ciro." Yaron ya kara kunne, ya zaro ido, ya kira 'yan uwansa su zo su ji. Yaya ya zauna yana kallonsu, gefen bakinsa mai motsi yana murmushi, har suka ɗage itacen da suka tare hanya da shi suka ce Allah ya ba Baba lafiya.

Na aika Blitta aka zo da Salifu, ya rame, ya yi baƙi. Na tara liman da mahautan da suka ji maganar farko, a ƙofar gidana, bayan la'asar. Salifu ya tsuguna nesa, kansa a ƙasa. Aka zaunar da Yaya, sai ya miƙo hannunsa na hagu ya kama wuyan hannuna, ya nuna bakina, ya nuna yaron. Ni da na karkatar masa da magana, ni ya sake zaɓa in zama bakinsa.

Na ce, "Salifu, babanka ya ce ya yafe maka."

Ya matse hannuna, ya girgiza kai.

"Ya ce ya janye abin da ya faɗa, ka koma gida."

Ya sake girgiza kai, ya buga sanda. Mutane suka fara kallon juna. Ya saki hannuna, ya bugi ƙirjinsa sau da yawa, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya miƙa wajen yaron kamar mai roƙo. Adiza, daga bayan ƙofa, ta yi magana a hankali.

"Ba shi ne zai yafe ba. Cewa yake shi ya yi laifi."

Na san ta yi daidai, amma harshena ya ƙi. Uba, Alhaji, mutumin da duk Dapaong ke tashi tsaye in ya shigo, ya roƙi ɗansa gafara a gaban mahauta? Na sunkuya na raɗa masa cewa a bari sai mun shiga ciki. Ya sake cafke hannuna. Ban san sauran ƙarfin da ke jikinsa ya kai haka ba. Ya riƙe, ya zuba mini ido, bai saki ba sai da na ɗaga murya.

"Salifu, ubanka ya ce shi ne ya yi kuskure. Ya yanke maka hukunci cikin fushi ba tare da ya saurare ka ba. Yana roƙonka ka yafe masa."

Sai ya gyaɗa kai, ya sake ni. Salifu ya rarrafo ya kifa fuskarsa a gwiwar uban yana kuka kamar ƙaramin yaro, Yaya ya ɗora hannu a kansa ya daɗe bai ɗauke ba. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

Yaya ya yi shekaru bayan haka. Ƙofar ba ta taɓa ba shi matsala ba. Jijiyoyin ne suka ci gaba da toshewa, kamar yadda likitan ya gaya mini cewa ciwon ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. Ƙafafunsa suka fara sanyi da ciwo, daga baya ya kwanta, Salifu ne ya yi jinyarsa har ƙarshe. Ni kuwa bai taɓa hana ni zama kusa da shi ba, kuma in baƙi suka zo ni yake nunawa in yi magana a madadinsa, yana sauraron kowace kalma. Ban san ko da ya ji gaskiya a Abijan zai yarda a yi aikin ba. Wataƙila zai yarda, kuma abin da ya faru ya faru duk da haka. Amma da ya fara ganin ɗansa, da ya yi maganar da muryarsa. Bayan jana'iza Salifu ya ce mini, ba da zafi ba, "Baba, na gode da abin da ka faɗa ran nan. Amma da na so a ce daga bakinsa na ji."

Yanzu ku ne masu karatu, ku ake ɗauka a raka tsofaffi asibiti. Wata rana likita zai nuna muku wani abu a hoto, wanda kuka rako zai juyo ya tambaye ku me aka ce. Tausayi zai kama ku, kunya za ta kama ku, za ku ji kamar ragewa ita ce ladabi. Ina roƙonku don Allah kada ku yi abin da na yi. Ku sassauta murya, ku riƙe masa hannu, amma ku faɗa masa duka. Ba ku san maganar da yake ajiye da ita ba, wadda yake jiran ya dawo gida ya faɗa.